Yadda Ake Haɗa Sola da Layin Wutar NEPA a Kebbi Ba Tare da Ɓarna Ba

Duk wanda ya sa sola mai ɗan ƙarfi a gidansa ko shagonsa, ba ya daɗewa sai tambaya ɗaya ta zo masa: da rana tsaka batir ya cika, fanel na zaune a rana ba aikin komai, to me zai hana a tura rarar wutar nan cikin layin NEPA, mita ta koma baya, ko ma kamfani ya biya? Tambayar da ma'ana, kuma a ƙasashe da yawa haka ake yi. Amma a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yauri, wanda ya fara da wannan lissafin ya fara ta ƙarshe. Layinmu ba kullum yake da wuta ba, in ta zo ma ba kullum take zuwa da ƙarfinta ba, kuma mitar katin da ke jikin bangonka ba a ƙera ta don sayen wuta daga hannunka ba. Abin da ake nema da farko shi ne wuta biyu su zauna a gida ɗaya lafiya: ka ja daga layi lokacin da kake so, taka kuma kada ta fita waje sai da takarda a hannu.

Ka fara sanin layin da za ka haɗu da shi

Wutar Kebbi daga Kainji take tasowa, a jihar Neja, ta babban layi mai 330kV (kV ɗaya bolt dubu ne) zuwa tashar Birnin Kebbi ta TCN, kamfanin da ke riƙe da manyan layukan wuta na ƙasa. Daga nan ake rage ta a tura Sakkwato, har da Yamai a Jamhuriyar Nijar, a kan layin 132kV. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke riƙe da Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, shi ke karɓa a 33kV, ya sauke zuwa 11kV, sannan taransifomar unguwa ta mayar da ita bolt 230 a fes ɗaya, ko wajen 400 a fes uku. Da shi za ka yi magana, ba da TCN ba.

Kafin ka sayi ko da waya ɗaya, ka yi mako ɗaya ko biyu kana duba wutar gidanka. Ƙaramar na'urar awon bolt da ake sokawa a soket ta wadatar, ba ta da tsada. Ka rubuta lokacin da ake kawowa, lokacin da ake ɗaukewa, da abin da take nunawa da safe, da azahar, da kuma bayan magariba sa'ad da kowa ya kunna kayansa. Gidan da ke bakin taransifoma yana iya ganin 240, na ƙarshen layi ya ga 160 a dare guda. Wannan takardar, ba mai shago ba, ita za ta faɗa maka irin inbatar da ta dace da kai, wato na'urar da ke mayar da wutar fanel da batir irin ta gida.

Ka kuma san rukunin da fidarku take, wato layin da ke kawo wuta unguwarku. Rukunin A shi ne wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C 12, D 8, E 4. Tun Afrilun 2024 yunit ɗaya a rukunin A ya haura naira 200, sauran rukunan suna ƙasa da haka sosai. Wannan zai shafi yadda za a saita inbata, za mu zo wurin.

In ba ka da mita, ka tsaya nan ka nemi mita. Mai biyan kuɗin wuta na ƙiyasi ko ya rufe rufinsa da fanel, takardar da za a kawo masa ƙarshen wata ba ta san da zancen ba.

Lissafin lodi

Ɗauki misalin mai sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara a Jega: firiza uku, fankoki, fitilu, da ƙaramin famfon ruwa. A ce duka suna cin yunit 20 a yini, 12 da rana, 8 da dare. Yankinmu na samun rana mai ƙarfi da ta kai kimanin awa biyar da rabi a yini, amma ba duka ke shiga aljihu ba. Zafi na ci, ƙura na ci, waya da inbata na ci. In ka cire kashi ɗaya cikin huɗu, kowane kilowat na fanel zai ba ka wajen yunit 4 a yini. Raba 20 da 4, ka samu kilowat 5, wato fanel tara ko goma masu wat 550.

Batir kuma da lodin dare ake auna shi. Yunit 8 na buƙatar lithium mai yunit 10. In tubula ne, wato batir mai ruwa, wanda ba a son a sha fiye da rabinsa, sai an tanadi yunit 16 ko fiye: batir mai bolt 12 da amfiya 200 yunit 2.4 ne, saboda haka takwas za a jera, huɗu-huɗu, a tsarin bolt 48.

Wurin da mutane ke faɗuwa shi ne injin da ke da mota a ciki. Firiza, famfon rijiyar burtsatse, injin niƙa, duk suna fizgar ninki uku zuwa bakwai na wutarsu a daƙiƙar tashi. Inbatar da ta ɗauki firiza uku suna aiki, tana iya faɗuwa in ukun suka tashi tare. A zaɓi mai sarari a sama.

Inbata iri uku ce, kuma nan ne zancen yake

Ta farko ita ce wadda ta cika kasuwa. Tana karɓar wutar NEPA ta wuce da ita zuwa gida ko ta yi cajin batir, in an ɗauke ta koma kan sola da batir. Ba ta iya tura wuta cikin layi ko an so. Ga yawancin gidaje da shaguna a Kebbi da Zamfara, wannan ta isa, kuma ita ce mafi ƙarancin rigima.

Ta biyu ita ce haibirid ta gaske. Ita tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layi: tana sauraron bugun wutar NEPA, mai zagaye 50 a daƙiƙa, ta daidaita nata da shi, sai su haɗu su ɗauki lodi tare. In firiza na son kilowat 3 sola na ba da 2, layi ya cika ɗayan. Amma in sola ta fi lodi, rarar waje za ta nufa sai an hana ta. Yadda ruwa ke bin lambatu daga tudu zuwa gangare a fadamar Argungu, haka wuta take: inbata na ɗaga bolt ɗinta kaɗan sama da na layi, sai wutar ta gangara ta mita ta fita. A kula, ’yan kasuwa na kiran irin ta farkon ma haibirid. A duba littafinta: in babu maganar fitar da wuta zuwa layi da wurin saka zoben awo, ta farko ce.

Ta uku ba ta da batir sam, layi ne jagoranta. Ana ɗauke wuta take mutuwa, ko da rana na tsakiyar sama. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta. Tana da arha a kowane kilowat, tana kuma da amfani ga masana'antar da ke kan layin 33kV mai wuta yawancin yini, ko mai babban janareto da ke aiki kullum. Amma mai gida a rukunin D da ya saye ta, ya sayi abin kallo.

Duk wadda za ta iya tura wuta waje, dole ta kasance tana yanke kanta daga layi da zarar layin ya mutu. Ƙa'idar duniya ita ce cikin daƙiƙa biyu, kuma takardar gwajin da ake nema a jikinta ita ce IEC 62116. Ga dalili. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Kamar yadda take sauke 11kV zuwa 230, haka in ka ba ta 230 ta ƙasa za ta ɗaga shi zuwa dubbai ta sama. Ma'aikacin da aka ce masa an kashe fida, ya jingina tsaninsa a falwaya ya hau da hannu biyu, wutar gidanka ce za ta same shi a can. Wannan ba zancen sola kaɗai ba ne. Mai soka wayar janareto a soket ba tare da cenji-oba ba, abu ɗaya yake yi.

Takardu kafin guduma

Dokar Wutar Lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005, ba ta neman lasisi daga wanda ke samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 a wuri ɗaya ba. To amma rashin buƙatar lasisi bai ba ka izinin tura wuta cikin wayar wani ba. Layin na kamfani ne.

In inbatarka irin ta farko ce, babu abin da ya fita daga gidanka, aikinka kawai wayarin mai kyau. In ta biyu ce ko ta uku, ka rubuta wa ofishin kamfanin rarraba wuta na yankinku, ka haɗa da lambar mitarka, girman fanel da inbata, takardun bayanin inbatar, da zanen yadda za a haɗa komai tun daga mita har zuwa lodi. In aikin babba ne, injiniya mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ya sa hannu a zanen. Ka faɗa a fili ko za ka fitar da wuta ne ko za ka kulle ta a ciki. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Maganar baki da ma'aikaci a bakin taransifoma ba ta zama hujja ranar da aka canza masa wurin aiki.

Mai yin wayarin ya kasance yana da shaidar NEMSA, hukumar da doka ta ɗora wa duba aikin lantarki da tabbatar da ingancinsa kafin a kunna. NERC kuma, hukumar tarayya mai kula da harkar wuta, ita ke tsara dokokin kasuwar. Tun bayan gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi na da damar karɓar wannan aiki a cikin iyakarsu, Enugu, Ekiti da Ondo sun karɓa a 2024, don haka kafin ka aika wata takarda ka tambaya ko hukumar jiha ce ke riƙe da shi yanzu ko ta tarayya.

Sayar wa kamfani wuta na buƙatar abu biyu da ba su da madadi: yarjejeniya a rubuce mai faɗin farashi da yadda za a biya, da mita mai ƙirga shiga daban fita daban, wadda kamfanin da kansa ya amince da ita. In babu su, ga abin da ke faruwa. Da yawa daga mitocin kati ba sa bambance inda wuta ta nufa, duk abin da ya ratsa su ci ne. Sai ka ba unguwa wuta kyauta, a kuma cire maka yunit a kanta. Wasu kuwa suna ɗaukar komawar wuta a matsayin an taɓa su, su kulle, sai an je ofis neman lambar buɗewa da dogon bayani. Irin hirar da ake yi ke nan bayan mako guda da gama aiki:

"Malam, na sa sola don katina ya daɗe, ga shi yanzu ya fi da saurin ƙarewa."

"Ranka shi daɗe Alhaji, ba mitar ta lalace ba. Wutarka ce ke fita, ita kuma tana rubuta maka bashi."

Kuma ko kusa kada a buɗe hatimin mita ko a zagaye ta don gyara wannan. Laifi ne a doka, tara ce mai nauyi, kuma ba ya magance komai.

Aikin rufi

Fanel ya fuskanci kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15, tunda muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Kada a shimfiɗa shi kwance, ƙura za ta zauna ruwan sama bai wanke ba. A bar tazarar kamar tafin hannu ko fiye tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Ana auna ƙarfin fanel ne a zafin digiri 25, kowane digiri sama da haka yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari, kuma fanel da ke kan kwano a watan Afrilu yana haura 60 cikin sauƙi. A ɗaure ƙarfen a jikin katakon rufi ko ƙarfensa, ba a jikin kwano ba. Wanda ya ga iskar farkon damina a nan ya san dalili. A duba inuwar tankin ruwa da ta dogon yaro da ƙarfe tara na safe da kuma huɗu na yamma, domin inuwa a kan fanel ɗaya tana ja wa duk jerin.

Ga wani lissafi da ake tsallakewa har inbata ta ƙone. Fanel mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa lodi ba. Goma a jere ɗaya, 500 ke nan. Inbatoci da yawa iyakarsu 450 ko 500. Kuma bolt ɗin fanel ƙaruwa yake da sanyi, saboda haka safiyar hunturu a Janairu, rana ta fito fanel na da sanyi, shi ne lokacin da zai zarce iyaka. Mai shagonmu na Jega ya raba su biyar-biyar, kowane jeri 250, bayan an duba cewa inbatar na ɗaukar amfiyar jeri biyun.

Allon haɗi

Tsarin daga waje zuwa ciki shi ne: mita, babbar bireka, na'urar kariya daga hawa da saukar bolt, na'urar kariya daga tsawa, sannan inbata. A gefen layi a sa makunni mai hannu wanda ake iya gani a kuma kulle shi da kwaɗo, a wurin da ma'aikacin wuta zai kai hannu, a rubuta a jikinsa cewa gidan nan akwai sola.

Na'urar kariyar bolt kuɗinta kaɗan ne, aikinta babba. Ranar da wayar nutural ta tsinke a taransifoma, gidan da ke fes ɗaya na iya ganin abin da ya kusa 400. A saita ta ta yanke a sama da 250 ko 255, ta kuma jira minti biyu zuwa uku bayan an kawo wuta kafin ta saki, saboda wutar da aka kawo yanzun nan ita ce ta fi yawan rawa.

A raba allon gida biyu. Lodin da ba a son ya mutu, fitilu, fanka, firiji, ya bi ta inbata. Hita, dutsen guga, babban na'urar sanyaya ɗaki da injin walda su zauna a layin NEPA ko janareto, sai in an auna inbatar da su tun farko. A sa cenji-oba da zai ba ka damar zagaye inbata ranar da ta lalace, kuma ya zama mai yanke layif da nutural tare, ƙafa biyu a fes ɗaya, ƙafa huɗu a fes uku. Haɗa nutural ɗin fitar inbata da na layi a dunƙule, shi ne tushen yawancin matsalar da ake rasa gane kanta: bango na jan mutum, bireka na faɗuwa ba dalili. A gefen fita a sa bireka mai jin yoyon wuta ta miliamfiya 30.

Kaurin waya kuma ba wurin tsimi ba ne. Kilowat 5 a bolt 230 amfiya 22 ne kawai, waya mai milimita 4 zuwa 6 ta ɗauka. Kilowat 5 ɗin nan a gefen batir mai bolt 48 ya haura amfiya 100, yana son milimita 25 zuwa 35, gajera, da kan waya da aka matse da abin matsewa, ba wanda aka daddaka da guduma ba. A sa fis ko bireka ta DC, wato ta irin wutar batir da fanel, dab da batir. Bireka ta AC, wato ta wutar NEPA, ba ta aiki a nan: wutar DC in ta kama tartsatsi ba ta sakewa da kanta. Kasuwa kuma cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa, in fari ya fito a ajiye ta.

Sai atin, wato haɗa kayan da ƙasa don wutar da ta ɓalle ta bi can. Ƙarfen fanel, jikin inbata, da na'urorin tsawa duk su haɗu a sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Ƙasarmu rairayi ce a wurare da yawa, da rani ta bushe ƙayau, sandar da ta yi kyau a Agusta ba lallai ta yi a Maris ba. A kafa ta inda ke da danshi, a auna da na'urar awon atin, a nemi ƙasa da om 10, in sanda ɗaya ba ta kai ba a ƙara wata a nesa da ita a haɗa. Gishiri da gawayin da aka saba zubawa suna sauke awon a ranar, amma gishirin na cin sandar a hankali. Yumɓun bentonait, wanda masu haƙa rijiyar burtsatse ke amfani da shi, ya fi daɗewa.

Ɗakin batir ya zama mafi sanyi a gidan, mai shan iska. Batirin tubula na rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 10 sama da 25, yana kuma fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji.

Zoben da ke tsare ƙofa

Inbatar haibirid na zuwa da wani ɗan zobe mai buɗewa, masu aikin na ce masa CT. Ana maƙala shi a wayar layif, bayan mita kai tsaye, kafin waya ta rabu zuwa ko'ina. Shi ke gaya wa inbata ko wuta shigowa take ko fita, ita kuma ta rage ƙarfinta daidai da lodin gida. A jikinsa akwai kibiya, littafin kowace inbata ya faɗi inda za ta kalla. In aka juya shi, inbata za ta karanta fita a matsayin shiga, ta ƙara wuta, ta ga “shigar” ta ƙaru, ta sake ƙarawa, har ta tura duk abin da take da shi waje. In kuma aka sa shi bayan wani reshe ya riga ya fita, lodin wannan reshen ba ya cikin lissafinta. A fes uku zobe uku ne, kowanne a fes ɗin da ya dace da lambarsa.

A allon saiti a kunna hana fitarwa, galibi an rubuta Zero Export. Ni ina ganin ya fi a bar ta tana jan wat 20 zuwa 50 daga layi kullum, domin lokacin da firiza ta tsaya farat ɗaya inbata na ɗaukar ɗan lokaci kafin ta sauka, wannan ɗan ragin shi ke shanye abin da zai tsallaka.

Sauran saitin ya danganta da rukuninka. Mai rukunin A, wuta na nan amma da tsada: sola farko, batir na biyu, layi na ƙarshe. Mai rukunin D ko E, wuta ba ta da tsada amma baƙuwa ce: duk sa'ad da ta zo a bar ta ta ɗauki lodi ta cika batir. Sai dai a rage ƙarfin cajin daga layi zuwa amfiya 20 ko 30. Unguwar da gida talatin ke da inbata, kowacce ta buɗe baki gaba ɗaya a mintin da aka kawo wuta, fis ɗin taransifoma ne zai tafi, a koma karo-karon kuɗin gyara. A duba kuma iyakar bolt da inbata ke karɓa: akwai saitin 170 zuwa 280, akwai na 90 zuwa 280. Na biyun na sa ta karɓi wuta mai rauni ta miƙa wa firiza, kwamfiresa kuwa ba abin da ke kashe shi kamar haka.

Gwaji kafin a sallami mai aiki

Ana kunnawa daki-daki: batir, inbata, fanel, layi, sannan lodi ɗaya bayan ɗaya. Kafin a haɗa fanel a auna bolt ɗin kowane jeri a tabbatar ba a juya ƙafafun ba.

Gwaji biyu ne ba a yafewa, kuma a yi su kana tsaye. Na farko da rana tsaka, batir cike, wutar NEPA na nan: a kashe duk lodin gida, a dubi mita da allon inbata. Abin da ke ratsawa ya zama sifili ko ɗan abin da aka saita. Na biyu: sola na aiki, a kashe babbar bireka ta layi, a sa na'urar awo a wayar da ke tsakanin birekar da inbata. Cikin daƙiƙa biyu ta koma sifili, gida kuma ya ci gaba da wuta ta ɗaya gefen. In awon ya nuna akwai wuta a nan, a kashe komai, aiki bai ƙare ba. Bayan haka a danna maɓallin gwajin birekar yoyo, a rubuta awon atin da kwanan wata, a karɓi zanen wayarin da lambar sirrin saiti. Kada ka biya cikon kuɗi kafin waɗannan su shigo hannunka.

Masu injin casar shinkafa da ke son haɗa sola marar batir da babban janareto, akwai ƙarin sharaɗi. Janareto ba ya karɓar wuta ta baya, kuma injin dizal ba ya son aiki ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa. Dole a sa na'urar da ke rage sola in lodi ya sauka, da kariyar da ke yanke wutar da ta juyo. A lokacin da aka tsayar da injinan casa don sallar azahar, nan ne ake gane ko an yi aikin daidai.

In abin ya wuce gida ɗaya

Kasuwa, rukunin masu walda, ko gari guda da ke da falwaya da waya amma wuta sai an ga dama, suna da wata hanya da doka ta tanada: ƙaramar tashar wuta mai haɗe da layi. Dokar NERC ta 2016, wadda aka sabunta a 2023, a lokacin ta ba da damar tashar da ba ta wuce megawat 1 ba. Wadda ke daji ba layi kusa, in ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta isa, sama da haka sai izini. Mai haɗe da layi kuwa sai da yarjejeniyar ɓangare uku: al'umma, kamfanin da zai gina tashar, da kamfanin rarraba wuta, sannan hukuma ta amince. Mai tashar na hayar wayoyin yankin, ya sayi wutar layi a awannin da take nan, ya cika sauran da sola da batir, ya sa wa kowa mita. An yi haka a Toto ta jihar Nasarawa da Zawaciki a Kano. REA, hukumar samar da wuta a karkara, ita ke riƙe da tallafin irin waɗannan ayyuka, ciki har da shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023.

Al'ummar da ke son wannan ta fara da ƙidayar kanta: shago nawa, injin niƙa nawa, nawa kowa ke kashewa a man janareto a wata. Wannan adadin shi ke jawo mai zuba jari, domin yunit ɗin ƙaramar tasha ya fi na layi tsada, da kuɗin fetur da dizal ake gwada shi. A zauna da hakimi ko mai gari kan fili a rubuta, a kafa kwamitin da zai sa hannu da sunan jama'a, a kuma karanta yarjejeniyar sosai a wuri huɗu: awa nawa aka yi alkawari a yini, yaya ake sauya farashi, wa ke gyaran taransifoma in ta ƙone, da makomar tsohon bashin wuta da ke kan mutane. A yankunan da tsaro ke da wuya, musamman ƙauyukan Zamfara, a sa katanga da masu gadi cikin lissafin tun farko.

Bayan an kunna

Da hunturu a wanke fanel duk mako, da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa da tsumma mai laushi. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi. Tubula a duba ruwansa duk wata, a ƙara ruwan batir, ba na rijiya ba. Kafin damina a sake ɗaure kusoshin rufi da kawunan waya, a dubi ’yar tagar na'urar tsawa, in ta koma ja a canza ta. A busa ƙurar fankar inbata. Duk ranar da aka canza mita, ko wani mai gyara ya taɓa allon, a maimaita gwaje-gwajen nan biyu, domin zoben CT sau da yawa a irin wannan rana ake mayar da shi a juye. In kuma rigima ta taso da kamfani kan mita ko kuɗi, a fara da sashen ƙorafinsu a rubuce, in ba a warware ba a kai ofishin sauraron ƙorafi na NERC da kwafin takardun da aka buga wa hatimi.